Theodor Herzl: Ɗan jaridar da ya assasa fafutukar kafa ƙasar Yahudawa

A ranar 14 ga watan Mayun 1948, lokacin da David Ben-Gurion ya miƙe a wani zaure da ke birnin Tel Aviv domin shelanta kafuwar ƙasar Isra'ila, akwai hoton wani mutum mai dogon gemu rataye a bango, daidai saman kansa. Mutumin shi ne Theodor Herzl, wanda a lokacin ya kusan cika shekara 44 da mutuwa.

Shi dai Herzl ɗan jarida ne kuma marubucin wasannin kwaikwayo. Bai taɓa jagorantar soja ba, bai yi mulki a ko'ina ba, kuma sau ɗaya tak ya taka ƙasar Falasɗinu, inda ya yi kimanin kwana goma. Amma duk mai son fahimtar asalin rikicin ƙasa tsakanin Yahudawa da Larabawa, da wuya ya kauce wa shekaru takwas na ƙarshen rayuwarsa, waɗanda ya ƙarar yana zagaya fadojin sarakuna da ofisoshin ministoci yana neman a ba Yahudawa ƙasar da wasu mutane ke zaune a cikinta.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Theodor Herzl a ranar 2 ga watan Mayun 1860 a Pest, wani ɓangare na birnin da ake kira Budapest a yau, a ƙasar Hangare. Mahaifinsa Jakob ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, mahaifiyarsa Jeanette kuwa mace ce mai sha'awar adabin Jamusanci, kuma da wannan harshe aka yi renonsa.

Iyalin na daga cikin Yahudawan da suka rungumi rayuwa irin ta Turawa, ba su tsananta wajen ibada ba. A shekarar 1867 daular Ostiriya da Hangare ta ba Yahudawa 'yanci daidai da na sauran 'yan ƙasa, saboda haka Herzl ya tashi yana ganin cewa ilimi da wayewa za su kawar da bambancin da ake nuna wa mutanensa.

A 1878 yayarsa Pauline ta rasu, abin da ya sa iyalin suka yi ƙaura zuwa birnin Viyana. A can ne ya karanci aikin lauya, ya kammala a 1884. A jami'ar ne kuma ya fara ɗanɗana ƙyamar Yahudawa, domin a 1883 ya fice daga wata ƙungiyar ɗalibai mai suna Albia bayan da ta shiga wani taro da aka yi kalaman ɓatanci ga Yahudawa.

Bai daɗe yana aikin shari'a ba ya koma rubutu. Ya auri Julie Naschauer a 1889, suka haifi 'ya'ya uku, ko da yake auren bai yi daɗi ba. A 1891 babbar jaridar Viyana, Neue Freie Presse, ta tura shi birnin Paris a matsayin wakilinta.

Abin da ya sauya tunaninsa

A ƙarshen 1894 wata kotun soja a Faransa ta samu Kyaftin Alfred Dreyfus, wani hafsa Bayahude, da laifin sayar wa Jamus asirin ƙasa. A watan Janairun 1895 aka tuɓe masa galolinsa aka karya takobinsa a bainar jama'a, yayin da taron mutane ke ihu a kansa. Herzl na wurin yana ɗaukar rahoto. Sai a 1906 aka wanke Dreyfus daga zargin baki ɗaya.

Daga baya Herzl ya danganta sauyin ra'ayinsa da wannan shari'a. Sai dai masana tarihi da dama na ganin abin da ya fi girgiza shi ya faru ne a gida Viyana, inda a 1895 jam'iyyar Karl Lueger, wadda ta gina siyasarta a kan ƙin jinin Yahudawa, ta lashe zaɓen majalisar birni. A Rasha kuwa, inda mafi yawan Yahudawan duniya suke a lokacin, tun 1881 ake kai wa unguwanninsu farmaki ana kashe su ana wawashe dukiyarsu.

Kafin nan Herzl ya taɓa tunanin cewa mafita ita ce Yahudawan Ostiriya su kai 'ya'yansu coci a mayar da su Kiristoci gaba ɗaya. Amma zuwa tsakiyar 1895 ya yanke hukuncin cewa Turai ba za ta taɓa karɓarsu ba, ko da sun bar addininsu. A ganinsa Yahudawa al'umma ce guda, kuma ba za su tsira ba sai sun mallaki ƙasa tasu ta kansu.

A watan Fabrairun 1896 ya wallafa wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Der Judenstaat, wato Ƙasar Yahudawa. A ciki ya kawo wurare biyu da za su iya dacewa, Ajantina da Falasɗinu. Ya ce idan sarkin Daular Usmaniyya ya ba su Falasɗinu, Yahudawa za su daidaita masa harkokin kuɗin daularsa, sannan sabuwar ƙasar za ta zame wa Turai garkuwa ta fuskar nahiyar Asiya.

Wani abin lura a littafin shi ne adawarsa da shiga ƙasa kaɗan-kaɗan a ɓoye. Ya yi hasashen cewa da zarar 'yan ƙasa sun ga baƙi na yawa, za su ji tsoro su matsa wa hukuma lamba ta rufe ƙofa. Maganin da ya gani shi ne a samu izini a rubuce daga wata babbar daula tun kafin a fara ƙaura. Wannan ne ya zama alƙiblar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Halin da Falasɗinu ke ciki

A wancan lokaci Falasɗinu na ƙarƙashin Daular Usmaniyya tun shekarar 1516. Mazaunanta sun kai kimanin rabin miliyan, mafi yawansu Larabawa Musulmi, sai Larabawa Kiristoci. Yahudawa ba su kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma galibinsu masu ibada ne da suka daɗe a biranen Ƙudus da Hebron da Safad da Tabariyya.

Ba Herzl ne ya fara kai Yahudawa yankin ba. Tun 1882 waɗanda suka gudo daga Rasha da Romaniya suka fara kafa ƙauyukan noma irin su Rishon LeZion, kuma attajirin nan na Faransa, Edmond de Rothschild, shi ya riƙa tallafa musu da kuɗi.

Yadda suke samun filaye na da nasaba da dokar ƙasa da Turkawa suka kafa a 1858, wadda ta buƙaci a yi wa gonaki rajista. Manoma da yawa sun ƙi rubuta sunayensu saboda tsoron haraji da ɗaukar soja, don haka manyan filaye suka koma hannun attajiran birane, wasunsu ma a Beirut suke zaune. Idan irin waɗannan attajirai suka sayar da fili, manomin da ya gaji noma shi kaka da kakanni sai kawai ya wayi gari ya ga sabon mai shi riƙe da takarda. A ganin mai saye ciniki ne halastacce, shi kuwa manomi ƙwace ya ɗauke shi.

A 1886 an yi arangama tsakanin Yahudawan ƙauyen Petah Tikva da Larabawa maƙwabtansu a kan gona da wurin kiwo. A 1891 kuma wasu manyan birnin Ƙudus suka aika wa gwamnati a Santambul ƙorafi, suna neman a hana Yahudawa shigowa da sayen filaye. A wannan shekara ce wani marubuci Bayahude ɗan Rasha, Ahad Ha'am, bayan ya ziyarci yankin, ya gargaɗi 'yan'uwansa cewa ƙasar ba kango ba ce, kuma Larabawa ba za su bar wurinsu cikin sauƙi ba ranar da suka ga ana neman ture su.

Taron Basel

Attajiran Yahudawa da Herzl ya fara tuntuɓa, irin su Maurice de Hirsch da iyalan Rothschild, ba su ba shi goyon baya ba. Malaman addinin Yahudu da yawa sun yi adawa da shi, wasu saboda imanin cewa komawa ƙasa mai tsarki sai da zuwan Almasihu, wasu kuma saboda tsoron kada a fara shakkar biyayyarsu ga ƙasashen da suke zaune. Adawar tasu ce ta sa aka ɗauke taron da ya shirya daga birnin Munich na Jamus zuwa Basel a ƙasar Suwizalan.

An buɗe taron a ranar 29 ga watan Agustan 1897 da mahalarta kusan 200, aka kwana uku ana yi. A nan aka kafa ƙungiyar sahyoniyawa ta duniya, aka zaɓi Herzl shugabanta. Sunan aƙidar ya samo asali ne daga Sihiyona, wani tudu a birnin Ƙudus. Ƙudurin taron ya ce manufarsu ita ce samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu wanda doka za ta amince da shi. Da gangan aka kauce wa ambaton ƙasa mai cin gashin kanta, don kada a fusata Turkawa.

Amma a cikin kundin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, Herzl ya bayyana cewa a Basel ya kafa ƙasar Yahudawa, kuma ko da za a yi masa dariya a lokacin, cikin shekara biyar ko hamsin kowa zai gani. Shekara hamsin da 'yan watanni bayan haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'ar raba Falasɗinu.

A fadar Sultan Abdulhamid

Tun kafin taron Basel, a watan Yunin 1896, Herzl ya je Santambul da tayinsa. Daular Usmaniyya na fama da bashi mai nauyi, har ta kai ga tun 1881 wata hukuma ta Turawan da ke bin ta bashi ce ke karɓar wani kaso na harajinta. Herzl ya yi zaton wannan matsi zai sa a saurare shi.

Sultan Abdulhamid na Biyu bai gana da shi a wannan zuwa ba. Kamar yadda Herzl da kansa ya rubuta, amsar da sarkin ya aiko ta bakin wani mai shiga tsakani ita ce ba zai iya sayar da ko taku ɗaya na ƙasar ba, domin ba tasa ba ce, ta al'ummarsa ce da ta same ta da jini, kuma sai dai in an yayyaga daular bayan mutuwarta.

Daga nan Herzl ya karkata ga Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, aminin Sultan, da fatan zai sa baki. Wannan ne dalilin ziyararsa ɗaya tilo zuwa Falasɗinu a ƙarshen watan Oktoban 1898, lokacin da sarkin na Jamus ke rangadi a yankin. Ya sauka a Jaffa, ya zagaya wasu ƙauyukan Yahudawa, sannan ya gana da sarkin a Ƙudus ranar 2 ga watan Nuwamba. Bai samu wani alkawari ba. Masu nazarin abin da ya rubuta game da tafiyar sun lura cewa da ƙyar ya ambaci Larabawan da ya ratsa garuruwansu.

Sai a watan Mayun 1901 ya samu ganin Sultan ido da ido a fadar Yildiz. An karrama shi da lambar girma, an kuma ci gaba da tattaunawa har 1902. Turkawa sun nuna za su iya karɓar Yahudawa su zauna a warwatse a wasu sassan daular, kamar Iraƙi, a matsayin talakawan Sultan, amma ban da Falasɗinu. Shi ma Herzl bai iya tara kuɗin da ya yi alkawari ba. Haƙarsa dai ba ta cimma ruwa ba.

Wasiƙar Yusuf Diya al-Khalidi

A watan Maris na 1899 wani dattijo daga manyan gidajen Ƙudus, Yusuf Diya al-Khalidi, wanda ya riƙe muƙamin magajin garin birnin kuma ya wakilce shi a majalisar dokokin daular, ya rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga babban malamin Yahudawan Faransa, Zadoc Kahn, wanda ya miƙa ta ga Herzl.

Al-Khalidi ya nuna girmamawa ga Yahudawa, ya amince da daɗaɗɗiyar alaƙarsu da ƙasar, ya kuma tausaya musu kan zaluncin da ake yi musu a Turai. Amma ya tunatar cewa Falasɗinu na da mazauna, tana da tsarki a wurin ɗaruruwan miliyoyin Musulmi da Kiristoci, kuma ba za a same ta ba sai da ƙarfin bindiga. Ya roƙi a nemi wani wuri a ƙyale Falasɗinu ta zauna lafiya.

Herzl ya amsa a cikin watan. Ya ce babu wanda ke da niyyar korar kowa, kuma zuwan Yahudawa da basirarsu da jarinsu zai ɗaga darajar filaye ya arzuta 'yan ƙasa. Batun ko mutanen na son a mayar da su 'yan tsiraru a ƙasarsu kuwa, bai taɓo shi ba.

A nan ne masana suka fi saɓani a kansa. A watan Yunin 1895 ya rubuta a kundinsa cewa za a sayi filayen masu hali sannu a hankali, talakawa kuma a lallaɓa su tsallaka iyaka ta hanyar hana su aiki a cikin ƙasa da samar musu a waje. Masana irin su Walid Khalidi da Nur Masalha na ganin nan ne tushen tunanin kwashe Larabawa. Masu kare shi kuwa na cewa a lokacin bai ma tsayar da ƙasar da yake nufi ba, kuma suna kafa hujja da littafinsa na ƙagaggen labari, Altneuland, na 1902, inda ya zana ƙasar da Larabawa ke da 'yanci daidai da kowa, har wani Balarabe a cikin labarin na yaba alherin da baƙin suka kawo. Sunan da aka ba fassarar littafin da Ibrananci, Tel Aviv, shi aka raɗa wa birnin da aka kafa kusa da Jaffa a 1909.

Tayin Birtaniya a gabashin Afirka

Da ƙofar Santambul ta rufe, Herzl ya juya ga Birtaniya. A watan Oktoban 1902 ya gana da Joseph Chamberlain, ministan kula da ƙasashen da Birtaniya ke yi wa mulkin mallaka, wanda a ƙarƙashin ma'aikatarsa ne sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a farkon 1903. An fara duba yankin El Arish a Sinai, amma hukumomin Masar da wakilin Birtaniya Lord Cromer suka ƙi, saboda yawan ruwan kogin Nilu da shirin zai buƙata.

A watan Afrilun 1903 aka kashe Yahudawa kusan 50 a garin Kishinev da ke ƙarƙashin Rasha. A cikin watan ne Chamberlain ya yi masa tayin wani yanki a gabashin Afirka. An san shirin da sunan shirin Yuganda, ko da yake tuddan Uasin Gishu da aka ware suna cikin ƙasar Kenya ta yau, kuma su ma suna da mutanensu makiyaya.

Herzl ya gabatar da tayin a babban taro na shida a watan Agustan 1903 a matsayin mafaka ta wucin gadi. Wakilai 295 suka amince a tura tawagar bincike, 178 suka ƙi. Mafi yawan masu adawar daga Rasha suka fito, wato waɗanda aka yi shirin domin su, kuma suka fice daga zauren wasu na kuka. A wurinsu babu wata ƙasa sai Falasɗinu. A 1905 ƙungiyar ta yi watsi da tayin.

A watan Janairun 1904 ya gana da Fafaroma Pius na Goma a birnin Rum, shi ma ya ƙi ba da goyon baya. Ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa, ga kuma dukiyar iyalinsa da ta ƙare a harkar. Ya mutu ranar 3 ga watan Yulin 1904 a ƙauyen Edlach na Ostiriya yana da shekara 44.

Abin da ya bari

Herzl ya mutu bai samu takardar izinin da ya nema daga kowace daula ba, amma ya bar ƙungiya mai tsari, da jarida, da banki, da kuma asusun sayen filaye da aka kafa a 1901. Ƙa'idar asusun ita ce duk filin da ya saya ya zama mallakar al'ummar Yahudawa har abada, ba a sayar da shi, kuma Yahudawa kaɗai ake ba haya. Wannan ƙa'ida ta ƙara zafafa rikicin, musamman bayan da iyalan Sursock na Beirut suka sayar da manyan filaye a kwarin Marj ibn Amir a farkon shekarun 1920, aka tashi ƙauyukan manoma Larabawa da ke kansu.

Takardar da ya yi ta nema ta zo shekara 13 bayan mutuwarsa. A ranar 2 ga watan Nuwamban 1917 ministan harkokin wajen Birtaniya, Arthur Balfour, ya sanar da goyon bayan gwamnatinsa ga samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu. Sanarwar ba ta ambaci Larabawa da suna ba, alhali su ne kusan kashi 90 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Daular Usmaniyya ta rushe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta karɓi ragamar yankin, ƙaurar Yahudawa ta ƙaru, Larabawa kuma suka yi bore daga 1936 zuwa 1939.

Tsoron da Herzl ya ji game da Turai ya tabbata fiye da yadda ya zata, domin 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa kimanin miliyan shida, ciki har da 'yarsa ta ƙarshe, Trude, wadda ta mutu a sansanin Theresienstadt a 1943. Gargaɗin al-Khalidi ma ya tabbata. A watan Nuwamban 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa Yahudawa kimanin kashi 55 cikin ɗari na ƙasar, a lokacin da suke kashi ɗaya cikin uku na jama'a kuma filayen da suka saya ba su wuce kashi bakwai cikin ɗari ba. Shugabannin Yahudawa sun karɓa, Larabawa suka ƙi. A yaƙin da ya biyo baya Falasɗinawa fiye da 700,000 suka gudu ko aka kore su daga gidajensu, abin da suke kira Nakba, wato babbar masifa, kuma ba a bar su sun koma ba.

A Isra'ila ana ɗaukar Herzl a matsayin uban ƙasa wanda ya hango halaka tun kafin ta zo. Falasɗinawa kuwa na kallonsa a matsayin mutumin da ya nemi ƙasarsu a hannun Sultan da Sarkin Jamus da ministocin Birtaniya, ba tare da ya nemi jin ta bakinsu ba.

A watan Agustan 1949 aka tono ƙasusuwansa daga maƙabartar Viyana, kamar yadda ya bar wasiyya, aka sake binne su a kan wani tsauni da ke yammacin birnin Ƙudus, wanda aka sa wa sunansa.